Kwalliyar da Ta Narke a Idon Amarya

"Na'ima! Ke Na'ima, taho ki ba ni aron idonki!"

Zuhura ce ke ƙwala kiran daga gindin dogonyaron da ke tsakar gidansu, ta baje kayan kwalliyarta a kan tabarma kamar mai shirin buɗe kanti. Gidan mahaifinta Malam Maccido ne mai fataucin albasa a Illela, kusa da hanyar da ta miƙe zuwa iyakar Ƙonni. Mahaifiyarta Inna Yelwa tana gefe tana tsince shinkafa, ta ɗago ta harare ta.

"Aron ido kuma? Jiya gira, yau ido! Zuhura, wagga sana'a taki sai ta haukata mu."

Na'ima ta fito daga ɗaki tana dariya, ta zauna ta miƙa fuska. 'Yar ƙanen Malam Maccido ce, marigayi Lawwali. Tun tana shekara biyar ta dawo gidan nan, ita da Zuhura ɗaki ɗaya, kwano ɗaya, har wasu a unguwar ba su san ba ciki ɗaya suka fito ba.

Zuhura ta ɗauko wata 'yar roba da ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba.

"Kin ga wanga? Shi na bes. Kaɗan za ki ɗiga, kamar ƙwayar gero. Ki shahe saman ido da shi tun daga gashin ido har ƙasan gira, sannan ki dakata shi bushe. In kin yi gaggawa kin ɓata aikin."

Ta shafa a idon dama kawai, ta bar na hagu. Sannan ta ɗauko kalar saman ido da 'yan mata ke kira shado, ruwan zinariya, ta bi idanun biyu da ita.

"To tashi ki hura muna wuta, ki ɗora tukunya."

"Au! Dama dabarar ki tsere ma girki ta?"

"Gwaji na, malama! Tahi."

Awa biyu Na'ima ta yi a bakin murhu cikin zafin bazara. Da ta dawo, shadon idon hagu ya tattare ya zama zare ɗaya a lanƙwasar fatar, na dama kuwa yana nan ɗas kamar yanzu aka shafa. Inna Yelwa ta ajiye faifai ta matso ta leƙa, ta ce, "Ikon Allah!" sannan ta koma tsintarta don kada a ce ta yaba.

Wannan 'yar robar ita ce sirrin Zuhura. Zafin Illela ba ya jin kunyar amarya, ga gumi ga kuka, kafin la'asar kwalliyar da aka yi da hantsi ta zama abin tausayi. Amaren Zuhura kuwa sai su yi kukansu su ƙoshi, idonsu na nan yadda ta bar shi. Shi ya sa ake zuwa ɗaukarta daga Araba da Amarawa, har da tsallaken iyaka.

Wanda ya fara kawo mata bes ɗin daga Sakkwato shi ne Muntasir, mai shagon babura a bakin tasha. Shekara biyu suna tare, yana sonta tana sonsa, kowa ya sani. Abin da ya tsaya a tsakani shi ne mahaifiyarsa, Hajiya Tasalla. Ita 'yar gidan ma'aikatan gwamnati ce daga Sakkwato, kuma a wurinta yarinyar da ke bin gidajen biki da jaka tana shafa wa mutane fuska ba matar ɗanta ba ce. Ƙanwarsa Ruƙayyatu ma ta taɓa kiran Zuhura "mai fenti" a gidan suna, a gaban mata, aka yi dariya. Muntasir ya yi ta lallashi har Hajiya ta sassauta, ta ce tunda bikin Ruƙayyatu ya matso, a ba yarinyar kwalliyar amarya da ƙawayenta tara. Za ta ga aikinta, ta ga tarbiyyarta. In ta gamsu, bayan biki manya za su je gaisuwa.

"Huska goma, ni kaɗai ba ni iyawa," in ji Zuhura tana goge wa Na'ima ido. "Ke za ki riƙa wankewa, ki sa bes, ki sa hoda, ni in biyo da kala. Aurena na bisa wanga aiki, Na'ima."

"In ba a sa bes ɗin ba hwa, Yaya?"

"Awa guda ya narke. In kuwa maiƙo ya taɓa wurin, ko awar ba ya kaiwa."

Na'ima ta gyaɗa kai a hankali. Zuhura ta ji daɗi a ranta, ta ce ƙanwarta ta fara mai da hankali ga sana'a.

Ranar wuni ta kama Asabar. Tun da sassafe suna gidan Hajiya Tasalla, Na'ima na share hanya, Zuhura na bi. Ƙawaye tara suka tashi ɗaya bayan ɗaya suna ɗaukar kansu hoto suna ihu. An bar amarya a ƙarshe don tata ta fi sabunta. Ruƙayyatu ta zauna ke nan sai ga aike, wai Hajiya na kiran mai kwalliya ta ɗaura mata kallabi.

Wa zai ce wa uwar miji ta jira? Zuhura ta miƙa wa Na'ima jakar, ta ce, "Shirya mini ita, yanzu ina dawowa." Hajiya kuwa sau uku tana sa a kwance ɗaurin, wannan ya yi tudu, wancan ya karkace. Zuhura ta yi ta murmushi har kumatunta suka gaji.

Ta dawo da gudu ta tarar da amarya ido a rufe, an bi fuskar da hoda lumui.

"Kin sa bes?"

"Na sa, Yaya, har ya bushe."

Da ta ɗora buroshi sai ta ji yana ɗan zamewa, ba ya kamawa yadda ta saba. Ta dakata.

"Mi ya sa nike jin santsi?"

"Hwatarta ta mai maiƙo, ga kuma zuhwa. Yi sauri, motoci na jira!"

A waje ana ta danna oda, wata gwaggo na buga ƙofa. Zuhura ta ci gaba. Da wata ce ta faɗa mata da ta goge ta sake, amma Na'ima ce. Ta gama, kuma wallahi amarya ta yi kyau, har Ruƙayyatu da ta kalli madubi ta rasa abin kushewa, ta ce, "Ba laihi."

Ƙarfe biyu aka shiga rumfa. Janareto ya yi tari ya mutu, fankoki suka tsaya. Ba a daɗe ba wata gwaggon amarya ta karɓi abin magana ta ambaci marigayi mahaifinsu, Ruƙayyatu ta fashe da kuka. Zuhura na tsaye a bayan rumfa hankalinta kwance, sai ta ji wani irin guna-guni ya tashi. Ta leƙa.

Baƙi da ruwan zinariya sun haɗu sun gangaro daga idon amarya har kumatu. Wata ƙawa ta sa hankici don ta gyara, sai ta ƙara dame shi har gefen kunne. Wayoyi suka tashi sama, 'yan mata na toshe baki. Dangin ango da suka zo daga Sakkwato suna kallon juna. Abin da ya fi muni, ga ƙawaye tara a jere a bayan amarya, sun sha gumi sun taya ta kuka, amma idon kowace na nan kamar a hoto.

Zuhura ta kutsa da jakarta tana cewa, "Ku ba ni wuri in gyara, minti biyar—"

"Kada ki taɓa mini ɗiya!"

Hajiya Tasalla ce ta miƙe.

"Ku diba, jama'a! Tara kin yi musu mai kyau, ɗiyata kaɗai kika zaɓa ki tozarta gaban dangin mijinta! Don ta ce miki mai henti? To ai kin nuna muna hentin! Hita mini daga gida, kuma in na ƙara jin sunanki bakin Muntasir ban yahe mashi ba!"

Zuhura ba ta san yadda ta isa gida ba. Ta juya neman Na'ima a wurin bikin ba ta gan ta ba, sai a ɗaki ta same ta zaune tana cire ɗankunne. Zuhura ta juye jakar a kan gado. Ga robar bes, ga kuma wani ɗan gwangwani da ba nata ba a naɗe cikin hankici. Ta buɗe, warin man kaɗe ya bugi hancinta.

"Na'ima... mi na wanga?"

Na'ima ta ci gaba da cire ɗankunnenta.

"Ki dube ni! Man kaɗe kika shahwa mata kika bi da hoda? Mi na yi miki?"

Na'ima ta ɗago. Idonta a bushe yake, kuma wannan ya fi komai tsorata Zuhura.

"Komi ke! Sana'a ke, suna ke, ana shigowa gidan ga ana tambaya ina Zuhura. Ni mai riƙon jaka. Rannan da Muntasir ya hwara tsayawa ƙohwar gidan ga, ni ya hwara gani, ni ya aika in kira ki! Shekara biyu ina kai mashi ruwa kina hita da turare. Ni ba mutum ba ta?"

Zuhura ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka. Kukan da ta riƙe tun daga rumfa ya ƙwace mata, har Inna Yelwa ta shigo a guje, Malam Maccido na biye da ita da buta a hannu. Suka ji komai, don Na'ima ba ta musa ba.

Zuhura ta share ido ta ce, "Baba, ka ba ni izini in tahi in hwaɗa ma Hajiya. Ga gwangwanin."

Malam Maccido ya girgiza kai. Mutumin kirki ne, amma irin masu kirkin nan da tsoron bakin mutane ya fi ƙarfinsu.

"Ba ki zuwa ko'ina," ya ce. "In wagga magana ta hita, wa za ya auri Na'ima garin ga? Marainiya ta. Lawwali ya damƙa mini ita shina bisa gadon asibiti. Cewa za a yi na riƙe ɗiyar ɗan'uwana na lalata. Ke kina da uba, kina da uwa, kina iya ɗauka."

"Malam!" in ji Inna Yelwa. "Ɗiyarka hwa anka tozarta gaban duniya!"

"Na gama magana. Zuhura, in na isa da ke, sunan Na'ima kada shi hito bakinki, ko ga Muntasir, ko ga kowa."

Ya karɓi gwangwanin ya sa a aljihu ya fita masallaci. Zuhura ta bi bayansa da kallo. Cin amanar Na'ima ya yi mata ciwo, amma wannan ya fi, domin ga Baba take kai ƙara tun tana yarinya.

Washegari bayan la'asar ta ji ƙarar babur ɗin da ko a mafarki ta san shi. Ta fita zaure. Muntasir ko zama bai yi ba.

"Bidiyon na ko'ina, Zuhura. Ruƙayyatu ko abinci ba ta ci ba. Ni na tsaya miki, ni na rantse ma Hajiya! Hwaɗa mini kuskure na."

"Wallahi, Muntasir, ban yi da gangan ba."

"To ƙaƙa anka yi na mutum tara bai narke ba? Ni na kawo miki bes ɗin ga da hannuna, na san aikinshi. Kin sa mata ko ba ki sa ba?"

Sunan na kan harshenta. Ta ji motsin mahaifinta yana alwala a bayan katanga, ta haɗiye.

"Ba ni iya hwaɗi. Ka yarda da ni kawai, don Allah. Shekara biyu ka san ni."

"Na zaci na san ki," ya ce. Ya tada babur ya tafi, ko waiwaye babu.

Daga nan duniya ta juya wa Zuhura baya. Amaren da suka kama rana suka riƙa bugo waya, "Sori, Anti Zuhura, an canza shawara." A kasuwa 'yan mata na zunɗenta, wata ma ta sa bidiyon a sitatus ɗinta na waya da rubutu, wai a kiyayi mai kwalliya mai riƙo. Jakar ta koma ƙarƙashin gado ta yi ƙura. Zuhura ta rame, ta koma taya Inna girki da bin makarantar islamiyya, in ta yi sujada sai ta daɗe ba ta ɗago ba. Kuma duk wannan a ɗaki ɗaya take kwana da Na'ima, ta juya wa bango fuska.

Na'ima kuwa ba ta zauna ba. Ta dafa fura da kanta ta kai wa Hajiya Tasalla, wai ta je ba da haƙuri a madadin gidansu. Ta koma, ta sake komawa, da dogon hijabi da murya ƙasa-ƙasa. Hajiya ta fara cewa ashe a gidan akwai mai hankali.

Wata huɗu bayan biki, wata Juma'a da yamma, Zuhura na wanke-wanke ta ji ƙarar babur ɗin nan a ƙofar gida. Kwano ya suɓuce mata. Zuciyarta ta ce ya gane, ya dawo. Har ta fara goge hannu a zani sai ta ji muryarsa daga zaure yana sallama, yana cewa ko Na'ima na ciki, Hajiya ce ta turo shi su gaisa.

Na'ima ta wuce ta gabanta da turare.

Zuhura ta shiga wurin mahaifinta ta durƙusa. Ba ta yi kuka ba, ya ƙare.

"Baba, har wanga ma in yi shiru?"

Malam Maccido ya kasa haɗa ido da ita. Ya ja casbi ya ce, "Ki yi haƙuri, ɗiyata. Kowa da rabonshi." Inna Yelwa ta yi kwana uku ba ta yi masa magana ba, sai dai ta ajiye abinci ta juya.

Sati biyu bayan haka, da hantsi, mota ta tsaya a ƙofar gida. Ruƙayyatu ce ta shigo, Hajiya Tasalla na bayanta fuska a ɗaure, da alama jawo ta aka yi. Malam Maccido bai riga ya fita kasuwa ba. Aka shimfiɗa tabarma, aka gaisa sama-sama.

"Zuhura," in ji Ruƙayyatu, "ɗauko bes ɗinki ki sa mini a ido."

Zuhura ta dubi Inna, Inna ta yi mata alama da kai. Ta jawo jakar ta kakkaɓe, ta ɗiga kaɗan a yatsa, ta shafa a fatar idon Ruƙayyatu, sannan ta ja baya ta jira ya bushe.

Ruƙayyatu ta buɗe ido, hawaye suka cika su.

"Hajiya, kin ji abin da nike gaya miki! Shekaranjiya anka yi suna gidan yayan mijina, na je wurin wata mai kwalliya a Sakkwato. Ta sa mini wani abu mai sanyi, ya bushe ya kama hwata, irin wanga sak. Na ce mi na wanga? Ta ce bes. Na ce a'a, ni ranar bikina bes ɗin da anka sa mini santsi gare shi, shina warin man kaɗe. Matar ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ko 'yar koyo ba ta sa mai ƙarƙashin shado, sai mai son ya narke. Sai na zauna na tuna. Idona na ruhe, amma kunnena na buɗe. Lokacin da anka shahwa mini abin nan, Zuhura na ɗakinki tana ɗaura miki kallabi!"

Hajiya Tasalla ta tuna. Ita ce shaida, sau uku ta sa aka kwance ɗaurin.

"To wa ya shahwa?" ta ce.

"Wadda ta ce mini, 'Ruhe ido, amarya, kada ki buɗe sai Yaya ta dawo.'"

Na'ima da ke bakin ƙofar ɗaki ta ce, "Ni? Wallahi sharri na! Abin da Yaya ta ba ni shi na sa!"

Hajiya ta juya ga Zuhura. "Ke, yi magana. Ke kika ba ta?"

Zuhura ba ta ce uffan ba. Ta juya ta kalli mahaifinta, ta tsaya a haka. Malam Maccido ya miƙe kamar wanda ya tsufa a zaune, ya shiga ɗakinsa, ya fito da ɗan gwangwanin nan ya ajiye a gaban Hajiya.

"Ba ta magana, Hajiya, don ni na hana ta. Tun ranar ta sani, ni ma na sani. Na ji tsoron a zagi marainiya, sai na bari anka zagi wadda ba ta yi komi ba. Har ɗanki ya zo ƙohwar gidana neman waccan, ina ji na yi shiru." Ya nuna kansa. "Laihina ya hi na Na'ima."

Na'ima ta zube ƙasa tana kuka, wannan karon na gaske. Hajiya Tasalla ta dubi Zuhura, ta ga yadda wuyanta ya fito, ta ga ƙurar da ke kan jakar.

"Wata huɗu da rabi," ta ce a hankali. "Na zage ki gaban mutane ɗari, kina da abin wanke kanki, kika haɗiye don ubanki ya ce. Ni kuwa tarbiyya nike nema." Ta kamo hannunta. "Ki gahwarta mini, ɗiyata."

Muntasir ya zo da la'asar. Sai da ya yi sallama uku kafin Inna ta ce wa Zuhura ta fita, kuma Zuhura ba ta fesa turare ba. Ta same shi a tsugune a zaure, hula a hannu.

"Zuhura, ban san da bakin da—"

"Bari in hwara. Na'ima ta cuce ni, amma ita hassada ta ci ta. Hajiya ba ta san ni ba. Kai hwa? Abu guda na roƙe ka, ka yarda da ni, ka kasa. Sannan ka zo zauren ga, inda kake zama da ni, ka aika a kira ƙanwata. Ina wanke-wanke na ji muryarka, Muntasir. Na zaci wurina ka zo."

Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan hular. "Hajiya ta matsa, ni kuma haushi ya ruhe mini ido. Ko minti goma ban yi ba na tahi. Ba ni da hujja. In kin kore ni kin yi daidai."

"Ina sonka, ba ni ƙarya," ta ce. "Amma a rumhwa anka ɓata mini suna, ba a zaure za a gyara shi ba."

Aka kuwa gyara shi a inda aka ɓata. Hajiya Tasalla ta tashi a taron matan unguwa ta ce ta zalunci yarinya, an gano ba hannunta ba ne, ba tare da ta kama sunan kowa ba, domin abin da Zuhura ta roƙa ke nan. Ruƙayyatu ta yi bidiyo da bakinta ta watsa. Waya ta dawo da ruri, amare suka dawo da "Filis, Anti Zuhura." Na'ima ta koma wurin dangin mahaifiyarta a Amarawa. Kafin ta tafi ta riƙe ƙafar Zuhura tana neman gafara, Zuhura ta ce ta yafe, kuma har zuciyarta ta yafe, sai dai hirar da suke yi a da ba ta dawo ba.

Bayan babbar salla aka ɗaura auren Zuhura da Muntasir. Da yamma, kafin a tafi da amarya, aka kai ta gaban mahaifinta kamar yadda aka saba, don ya yi mata nasiha ta bi miji ta yi haƙuri. Zuhura ta durƙusa a lulluɓe, gwaggonni sun kewaye, ana jiran Malam Maccido ya fara. Ya dube ta ya ce:

"Mi zan gaya miki bisa haƙuri, Zuhura? Wanda kika yi mini, ni ban iya rabinshi. Na ɗora miki abin da bai kamata uba shi ɗora ma ɗiyatai ba, kika ɗauka ba ki tona ni ba. Ba ni da nasiha. Roƙo gare ni, ki yahe ma ubanki kahin ki hita gidan ga."

Zuhura ta yaye lulluɓin ta kifa kanta a kan gwiwarsa tana kuka. "Na yahe, Baba. Tun tuni na yahe." Babu wanda bai share ido ba a ɗakin, har Inna Yelwa da ta rantse ba za ta yi kuka ba.

To, 'yan'uwa, Zuhura ta yi haƙuri kuma Allah bai bar ta ba, Ya fito da gaskiyarta ta bakin wadda ta fi kowa jin haushinta. Amma iyaye su ji tsoron Allah, rufa asirin mai laifi da mutuncin marar laifi ba zumunci ba ne, zalunci ne, ko da tausayi ya jawo shi. Kai kuma saurayi, in wadda ka sani shekara da shekaru ta dube ka ta ce ka yarda da ita, ka tsaya ka bincika kafin ka tada babur. Ba kowace mace ce za ta jira ka ka gane ba.